Koyon Zanen Jaruman Anime da Allon Zane: Daga Ranar Farko Zuwa Hoton Farko

Akwai abin da yakan faru da mafi yawan waɗanda suka sayi allon zane a karon farko. Matashi ne da ya saba zana Naruto ko Goku a bayan littafin makaranta, abokai suna ta yaba masa. Ya ga bidiyon masu zane a TikTok da YouTube, ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya sayi allon. Ranar da ya jona shi, ya ɗauki alƙalami zai zana da'ira, sai ga wani abu mai kama da dankali ya fito a sikirin. Ya ja layi, layin yana rawa kamar a cikin A-Daidaita-Sahu aka zana shi. Bayan kwana uku allon ya koma kwalinsa, mai shi kuwa ya yanke hukunci: ko dai jabu aka sayar masa, ko kuma dama can bai iya zane ba.

Galibi allon lafiyarsa ƙalau, kuma iyawar tana nan. Abin da ya faru shi ne hannu da ido sun rabu. A takarda, inda ido yake kallo nan hannu yake aiki. A allon zane kuwa, hannu yana ƙasa a kan tebur, ido yana sama a kan sikirin. Ƙwaƙwalwa tana buƙatar lokaci kafin ta saba da wannan sabon tsari, kuma akwai atisayen da ke gajarta lokacin. Wannan darasi zai bi hanyar daga farko: yadda allon yake aiki, wanda ya kamata a saya, yadda ake jona shi, atisayen mako biyu na farko, sannan zana hoto guda cikakke.

Mene ne zanen masoya?

Zanen masoya, wanda a intanet aka fi sani da fan art, shi ne zanen da mai son wani fim, wasan bidiyo ko littafi yake yi na jaruman labarin da hannunsa. Wani ne ya ƙirƙiri jarumin, amma tsayuwar da aka ba shi, yanayin fuskarsa da wurin da aka ajiye shi duk na mai zanen ne.

A Japan abin ya daɗe da zama babbar al'ada. Tun shekarar 1975 ake yin wata kasuwa a birnin Tokyo mai suna Comiket, inda masu zane ke baje littattafan da suka buga da kansu, da yawansu a kan jaruman wasu. Yanzu dubban ɗaruruwan mutane ke halarta. Rukunin matan nan masu zane da ake kira CLAMP, waɗanda suka yi Cardcaptor Sakura, daga irin waɗannan littattafai na masoya suka faro kafin su zama ƙwararru a 1989. A intanet kuma akwai DeviantArt da aka buɗe a shekarar 2000, da Pixiv na Japan da aka buɗe a 2007.

Dalilin da ya sa wannan hanya take da kyau ga mai koyo a fili yake. Ƙwararre ya riga ya gama wahalar tsara jarumin: siffarsa, launinsa, tufafinsa. Abin da ya rage wa mai koyo shi ne sarrafa hannu. Kuma da ya yi kuskure zai gane nan take, domin ya san yadda fuskar take.

Yadda allon yake aiki

Allon zane iri biyu ne. Akwai marar sikirin, wanda baƙin faranti ne kawai da ake jonawa da kwamfuta ko waya. Akwai kuma mai sikirin, wanda ake zane kai tsaye a kan gilashinsa, kuma kuɗinsa ya ninka na farko sau da yawa. Wannan darasi a kan na farkon yake, domin shi ne aljihun mai farawa zai iya ɗauka.

A ƙarƙashin fuskar allon akwai wayoyi ƙanana da aka jera a tsaye da kwance kamar saƙar raga. Suna fitar da siginar maganaɗisu. A cikin alƙalamin akwai wata 'yar naɗaɗɗiyar waya da ke karɓar siginar ta mayar wa allon. Da haka allon yake gane inda alƙalamin yake da irin ƙarfin da aka danna shi, sama da sau ɗari a kowace daƙiƙa. Shi ya sa alƙaluman zamani ba su da batir kuma ba a yi musu caji. Kamfanin Wacom na Japan, wanda aka kafa a 1983, shi ya shahara da wannan fasaha, daga baya Huion da XP-Pen suka shigo da masu rahusa.

Abubuwa uku ne suka bambanta alƙalamin da linzamin kwamfuta.

Na farko, kowane wuri a allon yana da takamaiman wurinsa a sikirin. Kusurwar sama ta hagu a allo ita ce kusurwar sama ta hagu a sikirin. Linzami ana ɗaga shi a ja, a sake ɗagawa a ja. Alƙalami kuwa inda aka sauke shi nan alamar take bayyana. Wanda ya ci gaba da jan alƙalami irin jan linzami zai daɗe yana shan wahala.

Na biyu, ba sai alƙalamin ya taɓa allon ba. Idan ya kusanto da kamar santimita ɗaya, alamar za ta fara motsi a sikirin ba tare da ta zana komai ba. Da wannan ake saita inda layi zai fara kafin a sauke hannu.

Na uku, yana jin nauyin hannu. A danna a hankali, layi ya fito siriri. A ƙara nauyi, ya yi kauri.

Wanne za a saya?

A jikin kwali za a ga lambobi irin su 2048, 4096, 8192, har 16384. Matakan jin nauyin hannu ne. 'Yan kasuwa suna son ɗaga babbar lamba, amma hannun mai koyo ba zai bambance 4096 da 8192 ba. Kada wannan lamba ta sa a ƙara kuɗi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne girman filin zane. Ƙananan alluna irin su One by Wacom ƙarami da Huion H640P suna da fili kusan inci 6 da inci 4. XP-Pen Deco 01 V2 yana da inci 10 da inci 6.25. Ga mai amfani da waya ko ƙaramar laftof, ƙarami ya wadatar. Mai babban sikirin ne zai ji ƙaramin allo ya matse shi, domin ɗan motsin hannu kaɗan sai ya zama dogon layi.

Kafin a biya kuɗi, a tabbatar da waɗannan:

- Alƙalamin marar batir ne.
- Akwai ƙarin bakunan alƙalami a cikin kwalin, domin bakin roba ne kuma yana cinyewa.
- Idan da waya za a yi aiki, an rubuta a kwalin ko a shafin kamfanin cewa wannan samfurin yana aiki da Android. Mai iPhone ya ƙara bincike sosai, domin yawancin waɗannan alluna ba su aiki da ita.
- Idan na hannu ne, a gwada shi a gaban mai sayarwa: a ja layi daga kowace kusurwa zuwa kishiyarta a ga ko akwai inda yake yankewa.

Wanda bai taɓa zane a na'ura ba zai fi samun riba idan ya yi mako guda yana zane da yatsa a wayarsa kafin ya saya. Idan sha'awar ta wuce mako guda, kuɗin ba zai tafi a banza ba.

Jonawa da waya ko kwamfuta

A kwamfuta, a fara da sauke manhajar direba daga shafin kamfanin da ya ƙera allon. Ba tare da ita ba, sau da yawa alƙalamin zai motsa amma ba zai ji nauyin hannu ba. Idan akwai direban wani allo daban a kwamfutar, a cire shi tukuna, domin biyun sukan yi karo. A cikin saitin direban akwai wurin daidaita siffar filin allo da siffar sikirin. A Wacom sunansa Force Proportions, a sauran kuma akwai makamancinsa. A kunna shi. Idan ba a kunna ba, da'irar da hannu ya zana daidai za ta iya fitowa kamar ƙwai, mai koyo ya yi ta zargin hannunsa.

A waya, ana buƙatar ɗan mahaɗin nan da ake kira OTG, wanda wasu kamfanoni ke sakawa a cikin kwalin. Wasu wayoyi, kamar Oppo da wasu samfuran Tecno da Infinix, sai an shiga saiti an kunna OTG da hannu, kuma yakan kashe kansa idan an jima ba a amfani da shi. Wanda ya jona allo ya ga shiru, nan zai fara dubawa. Tun da sikirin ɗin waya a tsaye yake shi kuma allo a kwance, wasu allunan sukan yi amfani da wani ɓangare na filinsu kawai, wasu kuma sai an juya su a tsaye. Takardar bayanin da ke cikin kwalin tana nuna yadda na kowa yake.

Allon daga batirin wayar yake shan wuta, kuma ya toshe ramin caji. Saboda haka a yi caji kafin a zauna zane. A jingina wayar a tsaye daidai gaban fuska, allon kuma a miƙe a gabanta. Idan allon ya karkace, duk layin da aka ja zai karkace.

A lokacin hunturu a riƙa goge fuskar allon da ƙyalle mai laushi kafin a fara. Ƙurar da ta kwanta a kai tana aiki kamar yashi: tana cin bakin alƙalami, tana kuma karce allon.

Manhajar zane

Ba sai an sayi manhaja ba. Ga mai waya, ibisPaint X ta wadatar. Kyauta ce, ko da yake tana nuna talla, kuma tana naɗar bidiyon yadda aka yi zanen daga farko zuwa ƙarshe da kanta. Ga mai kwamfuta akwai Krita, kyauta ce gaba ɗaya, babu talla, tana aiki a Windows, macOS da Linux ba tare da intanet ba. Clip Studio Paint da masu zanen manga da yawa ke amfani da ita ta kuɗi ce, Procreate kuma ta masu iPad ce. A zaɓi guda ɗaya a zauna a kanta. Mai sauya manhaja duk mako maɓallai yake koya, hannunsa yana nan inda yake.

Haka ma burushi. Akwai ɗaruruwa a kowace manhaja, amma uku sun isa wata na farko: mai kama da fensir don zayyana, mai kaifin baki don layi, da mai faɗi don cika launi.

Idan nauyin hannu bai yi aiki a Krita ba a kan Windows, a shiga saitin manhajar, sashen Tablet Settings, a sauya tsakanin WinTab da Windows Ink, a rufe manhajar a sake buɗewa. Wannan yakan magance matsalar.

Mai Krita ya haddace waɗannan maɓallai, hannun da ba ya zane ya zauna a kansu: B burushi, E magogi, Ctrl da Z komawa baya, M juya hoto kamar a madubi, 4 da 6 karkata takarda, 5 mayar da ita daidai. A ibisPaint, taɓa sikirin da yatsu biyu shi ne komawa baya.

Atisayen mako biyu na farko

Nan ne ake cin nasara ko a watsar. A mako biyun nan kada a sa ran hoto mai kyau. Minti 20 kullum sun fi awa biyar ranar Asabar kaɗai, domin sabo ake nema.

Doka ta farko: ido a kan sikirin, kada a kalli hannu. Mai kwamfuta ya ajiye linzami gefe, ya riƙa yin komai da alƙalamin, har buɗe fayil da shiga intanet.

Atisaye na ɗaya, haɗa ɗigo biyu. A sa ɗigo biyu nesa da juna. A bi hanyar a iska sau biyu ko uku ba tare da an taɓa allon ba, sannan a sauke alƙalami a ja layin a bugu ɗaya da ɗan sauri. Layin da aka ja a hankali shi ke rawa. A yi guda 30.

Atisaye na biyu, da'ira da ƙwai. A cika shafi da su, manya da ƙanana. Motsin ya fito daga gwiwar hannu da kafaɗa. Wuyan hannu da yatsu na ƙananan abubuwa ne kamar ƙwayar ido.

Atisaye na uku, nauyin hannu. A ja layi ya fara siriri, ya yi kauri a tsakiya, ya ƙare siriri. Da irin wannan layi ake zana gashi da naɗin tufafi. Idan sai an danna da ƙarfi sosai kafin layi ya yi kauri, a sassauta jin nauyin a saitin direba, hannu ya huta, bakin alƙalami ma ya daɗe.

Atisaye na huɗu, rubutu. A rubuta suna, a rubuta haruffa da lambobi. Ranar da rubutun allo ya fara kama da rubutun takarda, hannu da ido sun fara shiryawa.

Akwai wani saiti mai suna Stabilizer a ibisPaint da Krita, wanda ke gyara rawar layi. Yana da amfani wajen jan layin ƙarshe, amma a bar shi ƙasa-ƙasa lokacin atisaye. Idan ya yi yawa, layi yana biyo alƙalami a makare, kuma hannu ba zai koyi tsayuwa da kansa ba.

Falle: abin da takarda ba ta da shi

A kowace manhajar zane akwai abin da aka rubuta Layer. A ɗauke shi kamar fallen leda mai haske da ake ɗorawa a kan wani. Zayyana tana falle ɗaya, layi yana wani, launi yana wani. Ana iya goge launi ba tare da an taɓa layi ba.

Amma kowane falle yana cin ma'adanar wucin gadi ta na'ura, wato RAM. Lissafin mai sauƙi ne: kowane ɗigon hoto yana ɗaukar bayit 4. Takarda mai faɗin ɗigo 2000 da tsawon 2500 tana da ɗigo miliyan 5, falle ɗaya zai iya kaiwa megabayit 20. Falle 20 sun kai megabayit 400. Takardar A4 ta bugawa, 2480 da 3508, falle ɗaya kusan megabayit 35 ne. Shi ya sa waya mai ƙaramar RAM take saiɓi ko manhajar ta rufe kanta ana tsakiyar aiki. Ga hoton da za a ɗora a intanet, 1600 da 2000 ya isa, da falle shida zuwa takwas.

Zana Naruto mataki-mataki

Masashi Kishimoto ya fara fitar da Naruto a mujallar Weekly Shonen Jump a 1999, ya kammala a 2014 da babi 700. Jarumin ya dace da mai farawa domin alamominsa ba su da yawa kuma ba sa ɓuya: gashi rawaya mai tsini, idanu shuɗi, layi uku a kowane kunci, ɗaurin goshi mai farantin ƙarfe, da riga ruwan lemo. A fara da kai da kafaɗa kawai. Hannaye da cikakken jiki su jira.

Mataki na 1, nazari. A tara hotunansa uku ko huɗu daga ɓangarori daban-daban. A duba da kyau: ina kunne yake idan aka gwada shi da ido? Ɗaurin goshin ya rufe kashi nawa na goshi? Minti biyar na kallo suna rage awa guda ta gogewa.

Mataki na 2, ƙashin zane. A falle na farko, da launi mai haske kamar shuɗi, a zana da'ira a matsayin ƙoƙon kai. A ja layi a tsaye ta tsakiyar fuska, a ƙara muƙamuƙi da haɓa a ƙasa. A ja layi a kwance inda idanu za su zauna. Kuskuren da ya fi yawa shi ne kai idanu can sama. A fuskar mutum idanu suna wajen tsakiyar kai ne, tsakanin ƙololuwa da haɓa, a salon anime ma sukan ɗan sauko. Wannan hanya ta fara kai da da'ira ta yaɗu ne ta littattafan Andrew Loomis, wani mai zane ɗan Amurka.

Mataki na 3, zayyana. A rage hasken falle na farko zuwa kashi 30, a buɗe sabo a samansa. A sa idanu, hanci, baki, kunnuwa da ɗaurin goshi. Ɗaurin ya lanƙwasa ya bi zagayen kai, kada ya miƙe kamar rula. Gashin a zana shi dunƙule-dunƙule, manya da ƙanana, duk suna tasowa daga wuri ɗaya a ƙoƙon kai, kuma ya ɗan tashi sama da da'irar.

Mataki na 4, madubi. A juya hoton hagu zuwa dama. Nan take za a ga ido ɗaya ya fi ɗaya hawa, ko haɓa ta karkace. Ido yakan saba da kuskuren da ya daɗe yana kallo, juyawar ce ke tona shi. A gyara yanzu, domin gyara bayan an sa launi wahala ce ninki biyu.

Mataki na 5, layi. Sabon falle, burushi mai kaifi, Stabilizer a matsakaici. Kowane layi a bugu ɗaya. Idan bai yi ba, a koma baya a sake. Inda kwana ta yi wa hannu wuya, a karkata takardar. Layin waje ya fi na ciki kauri, layukan kunci su zama sirara. Kada a zuƙo hoton da yawa, domin mutum zai ɓata lokaci a kan abin da babu mai gani a waya.

Mataki na 6, launi. A buɗe falle a ƙarƙashin na layi. Fata, gashi, riga, kowanne da fallensa idan na'ura za ta ɗauka. Idan aka zuba launi da bokiti ya malale ko'ina, akwai inda layi bai haɗe ba. Don a tabbatar babu gurbin da ya rage, a sa bango mai launin toka na ɗan lokaci.

Mataki na 7, inuwa. A yanke shawarar inda haske yake fitowa, misali sama ta hagu, a tsaya a kan haka. A buɗe falle a saman launi, a sauya yanayinsa zuwa Multiply, a kunna Clipping a ibisPaint ko Inherit Alpha a Krita don kada inuwar ta fita daga jiki. A yi amfani da toka mai ɗan shuɗi ko shunayya. Baƙi yana sa hoto ya yi dauɗa. Inuwa tana ƙarƙashin haɓa, ƙarƙashin gashi da ɗaurin goshi, da gefen fuska na dama. Bakinta ya zama mai kaifi kamar yadda ake gani a fim ɗin.

Mataki na 8, haske da sa hannu. Ɗan farin ɗigo a kowane ido, a gefen da haske yake, da ɗan ƙyalli a farantin ƙarfen. Sannan suna da kwanan wata a wurin da ba za a yanke shi da sauƙi ba.

Adanawa da ɗorawa

A riƙa adanawa akai-akai, musamman mai kwamfutar tebur da wuta za ta iya ɗaukewa kowane lokaci. A ajiye fayil biyu: na asali mai falle-falle, wanda a Krita yake ƙarewa da .kra, da kuma PNG na nunawa. Mai ibisPaint ya sani cewa zane-zanensa suna cikin manhajar ne. Idan ya goge ta ko wayar ta ɓata ba tare da ya fitar da su ba, sun tafi. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, don haka a tura shi a matsayin fayil idan ana son ya isa yadda yake.

Bin sawu da haƙƙin mai abu

Manhaja ta sauƙaƙa wani abu: a ɗauko zanen wani, a ɗora falle a kai, a bi layinsa. A ɓoye, don fahimtar yadda ƙwararre ya gina fuska, babu laifi. Amma ɗora shi a intanet da sunan mutum sata ce a wurin masu zane, kuma suna ganewa. Sukan ɗora hotunan biyu a kan juna su nuna wa duniya. Sunan da ya ɓaci ta wannan hanya yana da wuyar gyaruwa. Ga kuma asarar da ta fi wannan: mai bin sawu zai shekara yana yi, ranar da aka ba shi farar takarda ya kasa zana kai. Bidiyon da ibisPaint ke naɗa shaida ce mai kyau, musamman yanzu da ake yawan zargin hotuna da cewa ƙirƙirarriyar basira ce ta yi su.

Ta fuskar doka, Naruto mallakar Kishimoto ne da kamfanin Shueisha da ke buga shi. Yawancin kamfanoni sukan kau da kai ga zanen da aka ɗora don nishaɗi, amma kau da kai ba izini ba ne. Buga hoton a riga ko sitika don sayarwa wani abu ne daban, kuma shagunan intanet sukan sauke irin waɗannan kaya idan mai haƙƙi ya yi ƙorafi. Mai son cin abinci da zane ya ɗauki zanen masoya a matsayin makaranta da talla, abin sayarwa kuma ya zama nasa na kansa: tambarin kasuwanci, bangon littafi, ko jaruman da ya ƙirƙira. A ƙarƙashin kowane hoto a rubuta sunan jarumin da na wanda ya ƙirƙire shi.

Wasu masu karatu za su yi tambaya a kan hukuncin zana abu mai rai. Wannan tambaya ce ta malamai, kowa ya kai ta ga malamin da ya amince da shi. Wanda ya zaɓi ya kauce, ƙofar ba ta rufe masa ba: akwai masu zanen masoya da aikinsu motoci ne, da takubba, da jiragen sama jannati, da gine-ginen garuruwan cikin fim. Falle, layi, launi da inuwa duk iri ɗaya ne.

Tsarin wata guda

Mako na 1 da na 2: atisayen nan huɗu, minti 20 kullum, a rufe da zana abu ɗaya da ke ɗaki, kamar kofi ko buta. Mako na 3: kawuna kawai, biyar kullum, daga gaba da gefe, babu launi. Mako na 4: hoto ɗaya cikakke da matakan nan takwas, a kammala shi ko da bai yi daɗin gani ba.

Zanen ranar farko, wancan mai kama da dankali, kada a goge shi. A adana shi da kwanan wata. Ranar 30 a sake zana abu ɗaya, a jera su biyun a sikirin. Mai koyo ba ya ganin ci gabansa kullum, kuma idan ya gwada kansa da wanda ya shekara goma yana zane, gwiwarsa za ta yi sanyi a banza. Hotunan nan biyu su ne ma'aunin da zai gaya masa gaskiya, su ne kuma za su nuna masa abin da zai sa a gaba a wata na biyu: hannaye, cikakken jiki, ko bango.